Shekarar da Muka Tankaɗe Gona

Hadarin bana ya hana ni sukuni. Tun da na zo Gure duba ƙafar Inna, kullum bayan azahar sai ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, ya turo iska ta kwashe shanya daga igiya, mata su yi ta guje-guje suna rufe tukwane, sannan ya watse kamar ba shi ya taso ba. Ko ɗigo! In na shiga ɗaki zafi ya koro ni, in na fito tsakar gida ƙura ta mayar da ni. Ordinatar, wato kwamfutar, da na taho da ita daga Yamai tana kan tabarma tana huci, reso, wato sabis ɗin waya, yana zuwa yana ɗaukewa, aikin da ke cikinta ya ƙi gaba ya ƙi baya. Na zauna na tashi har Inna ta ce in ba zan natsu ba in fita mata daga ɗaki, ina sa mata jiri.

Jiya da hantsi Yaya Mamman, babban wanmu da ke noma gonar marigayi Baba, ya shigo da sungumi a kafaɗa ya jingine shi a bango.

"Zara, ke da kike hira da na'ura kullum, tambayar mini ita mana. In yi binne ko in jira?"

Binne, ga wanda bai tashi a jigawa ba, shi ne a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya kwanta can yana jira.

"Yaya, sau nawa zan gaya maka ba aikin hadari nake yi ba?"

"To aikin me kike yi? Shekara da shekaru ana tambayata, sai in ce tana can tana danne-danne."

Na ce to zauna ka ji, kuma kada ka yi mini gyangyaɗi. Akwai wani ƙarfe a cikin manyan na'urori, ana ce masa kart girafik. Asalinsa don zana hoto a allo aka ƙera shi, yanzu kuwa shi ake ɗora wa lissafi mai nauyi, saboda a cikinsa akwai dubban ƙananan ma'aikata, kowane da saurinsa kamar walƙiya. Matsalarsu guda ce. Lambobin da za su yi aiki da su suna ajiye a memuwar, wato babban rumbun na'urar, kuma rumbun da nisa. In ma'aikaci ya aika a ɗauko masa lamba, kafin ta iso da ya gama lissafi ɗaruruwa. In ya tsaya jiranta an yi asara, ƙarfe mai tsada yana zaune yana hamma.

Ni abin da nake gyarawa sunanta kompilatar. Ita ke karɓar abin da mutum ya rubuta, ta jera shi umarni bayan umarni yadda ƙarfen zai bi, don haka ita ke cewa ga lokacin da za a aika. Sai ta ɗauki umarnin "a ɗauko" ta matsar da shi can sama tun ba a bukaci lambar ba, ta cusa wasu ayyuka a tsakani, ta ajiye "dakata" daf da inda za a yi amfani da ita. In an dace, ma'aikaci yana juyowa ya tarar lambarsa ta iso.

"To ai shi ke nan," in ji Yaya. "A aika duka tun da sassafe."

"Ina! A sa su a ina?"

Duk lambar da aka aika a ɗauko, tun daga lokacin aiken ake keɓe mata wuri a hannun ma'aikacin. Wuraren nan rejis muke ce musu, ƴan kaɗan ne, kuma raba su ake yi. In kowa ya kama da yawa, dole a rage ayarin ma'aikatan da ke aiki lokaci guda, alhali dabarar ƙarfen ita ce in wannan ayari yana jira a juya ga wancan. In suka cika maƙil kuwa, sai an kwashe wasu an mayar rumbu an sake ɗaukowa, tafiya biyu a kan abu ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai, kompilatar tana yanke shawarar nan ne tun ba a kunna aikin ba. Ba ta san ko lambar tana nan kusa a ƴar ma'ajiyar gefe ko sai an je can ƙurya ba. Kintace take yi. Dokar da na rubuta mata kwanaki ta sa wani aiki ya yi gudu, wani kuma ya koma jan ƙafa, shi ne nake ta fama.

Yaya ya daɗe yana kallona, sai ya fashe da dariya. "Ashe duk karatun nan binne kika je kika koyo! Da kin zauna gida na koya miki kyauta."

Ni ma na yi dariyar, amma iya baki. Kalmar ta tono mini waccan shekarar, kuma na ga shi ma ta tono masa, domin dariyarsa ta tsaya ba shiri, ya ɗauki buta ya fita.

Lokacin ina ajin ƙarshe a lakwal, wato makarantar boko. Daminar da ta gabata ta yanke da wuri, gero ya tsaya a tsaye bai cika ido ba, rumbunmu ya ƙare tun sanyi bai fita ba. Da bazara ta kankama sai rayuwar gidan ta koma kan tsari guda. Da asuba Baba zai gangara kwari, wajen lambun wani mutum da yake ja wa ruwa, ya dawo da ƴan sauyoyin rogo a aljihu in an samu. Yaya zai kora awakin da suka rage. Ni da Inna mu fita da kwando neman ƴaƴan anza kafin rana ta yi. Anza ɗaci gare ta kamar maɗaci, sai an ɓare, an jiƙa, ana zubar da ruwa ana sake wani kwana da kwanaki, sannan a dafa ta zama dilo. Warin ruwan jiƙon nan har yau in na tuna sai yawu ya tsinke mini. Da rana kowa ya nemi inuwa ya kwanta, ba don barci ba, don kada motsi ya ƙara yunwa. Da yamma a ci dilo, a kora da ruwa mai ɗanɗanon kanwa.

Mu manya cikinmu ya karɓa. Hauwa, autarmu, ƴar ƙarama da ko lakwal ba ta shiga ba, cikinta ya ƙi. Tana ci sai gudawa. Gashinta ya fara ja, wuyanta ya yi siriri, ta daina bin mu ƙofar gida, sai dai ta zauna jikin randa don sanyi.

Duk wannan ana yi, akwai gero a gidan. Yana ɗakin Baba cikin tulu, an gauraya shi da toka, an liƙe bakin da laka. Irin gidanmu ne, muna ce masa na Kaka, domin kakan Baba ne ya riƙa zaɓen zangarniyarsa shekara bayan shekara har ya zama nasa. Gajere ne, ba ya tsayi, amma yana nuna da wuri kuma yana son rairayin tudunmu. Babu shi a kasuwa, babu shi a gidan kowa sai namu, kuma abin da ya rage a tulun da ƙyar zai ishi gonar. Ko kallon tulun ba ma yi. Kowa ya san in wannan ya tafi, ya tafi.

Wata rana Baba ya dawo daga kwari da magana. Wani Alhaji mai babbar gona a hanyar Kelle ya ce ranar da ruwa ya sauka, Baba da Yaya su zo masa shuka da noman fari, zai biya da hatsi. Hatsin nan shi zai riƙe mu har kaka. Amma kwanakin nan na farkon ruwa su ne kuma na shuka tamu gonar, domin rairayi ba ya riƙe laima, kuma daminarmu ba ta jiran kowa. Mutum ɗaya ba zai kasance a gona biyu ba. Baba ya ce binne zai yi, iri ya jira ruwa a ƙasa shi kuma ya je ya nemo mana abinci.

Inna tana ɓare anza ba ta ɗago ba. "Malam, a binne rabi."

"Rabin me? Kin ga tulun kuwa? Rabin gona ai ba ya ci da gida."

"In yayyafi ya yaudare shi fa?"

"In kuma ruwan kirki ya zo rabi yana kwance a ɗaki fa? Wa zai shuka, ke da Zara?"

"Mu da Zara."

"Kafin ku kai tsakiya ƙasa ta bushe."

Sun yi ta yi har la'asar. Wallahi har yau in na auna maganar kowannensu sai in ga yana da gaskiya, shi ya sa abin yake ba ni haushi. Washegari Baba ya fasa lakar bakin tulu.

Muka yi binne cikin rana mai narka ƙwaƙwalwa. Baba a gaba yana sara da sungumi, hagu, dama, Yaya a layin kusa da shi, ni da Inna a baya muna jefa ƴan ƙwayoyi muna rufewa da diddige. Rairayin yana ƙuna har sai da muka naɗe ƙafafu da tsumma. Rami ba ya tsayawa, ana sara yana zubowa, dole ki jefa da sauri. Muka fara daga gangare muka haura har kan tudu, tulu ya zama wayam. Baba ya kife shi ya buga gindinsa, ya tsince abin da ya faɗo ya sa a ramin ƙarshe.

Daga nan sai jira. Baba ya daina zama. Kafin ya je kwari sai ya biya gona, in ya taso ya sake biyawa, yana bin sawun kurciyoyi da ramukan gafiya, yana watsa toka a hanyar tururuwa. A gida in yana alwala idonsa na gabas. In iska ta motsa ganyen bishiyar bedi sai ya miƙe tsaye.

Ran nan da yamma hadari ya haɗo, aka yi tsawa, ƙanshin ƙasa ya tashi, yara suka fita tsirara suna ihu. Ruwan ya sauko kamar da gaske, ya jiƙa zana, ya kwantar da ƙura, kafin Inna ta gama jera ƙwarya a bakin indararo ya ɗauke. Gari ana ta barka da ruwa. Baba kuwa ya kama hanyar gona muna binsa a guje. Ya durƙusa a gangare ya cusa yatsa, laima ta kai inda irin yake. Ya ƙara tonawa kaɗan, ƙasa busasshiya ƙamas. Ya ce, "Inna lillahi." Abin da Inna ta ji tsoro ke nan: ruwan ya isa ya tada iri daga barci, bai isa ya raya shi ba.

Ya kuwa tsiro. Kai, ban taɓa ganin abu mai kyau da ban tsoro kamar tsiron nan ba, kore shar, layi-layi, sirara kamar allura. Sama kuma ta washe tas. Aka fita roƙon ruwa, maza da riguna a juye, mu yara a baya muna amsa amin da ƙarfi ko za a fi jin tamu. Ba labari. Muka shiga ɗibar ruwa daga kwari, ni da tulu, Yaya da jarka, mu hauro gona ƙafa na nutsewa, mu zuba ludayi-ludayi a gindin tsiro. Kina zubawa rairayi ya shanye, kafin ki juyo wurin ya bushe. Ganyen ya fara naɗewa da rana yana buɗewa da safe, sannan ya daina buɗewa, ya yi fari, iska ta kwashe. Na yi kuka ranar da na ga layin da na fi ba ruwa ya mutu, kukan haushi, har da jifa da ludayi.

Yau da azahar reso ya dawo, na aika gwajina can inda manyan na'urorin suke. Na rage wa kompilatar zumuɗi: ta riƙa matsar da aike sama, amma in ta ga rejis sun kusa cika ta dakata. Sakamako ya dawo, aikin da ke jan ƙafa ya warware, wanda ke gudu ya ɗan rage. Na yi tsaki na goge na sake wata dokar. Abin da ya bambanta ni da Baba ke nan, ba wayo ba. Ni in kintacena ya kuskure, lambar tana nan a rumbu, sai in sake aikawa, sau nawa ma. Ina cikin haka Yaya ya leƙo ya ɗauki sunguminsa. Na ce ya aka yi? Ya ce rabi zai binne. Inna daga ɗaki ta ce Allah Ya sa albarka. Ni kuwa har yau ban san ko da an ajiye rabi a waccan shekarar zai tsira ba, ganin abin da ya biyo baya.

Abin da ya biyo baya shi ne Baba ya lura kan tudu bai tsiro ba. Yayyafin bai ratsa can ba, irin yana kwance lafiya lau. Amma tururuwa ta gano shi, ga su nan layi-layi kowace da ƙwaya a baki, ga kuma tsoron wani yayyafin ya zo ya ƙarasa saura. Ya shigo gida ya tsaya a kan Inna.

"Ba ni rariyarki da faifai."

"Me za ka tankaɗe, Malam? Akwai gari ne?"

"Gona."

Inna ta dube shi, ta dube mu. Ta tashi ta ɗauko, ta yafa zane ta bi shi.

Haka muka bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya. Baba da Yaya suna kamfato rairayin kowane rami da hannu biyu, ni ina girgiza rariya, abin da ya rage Inna ta sheƙe a faifai ta tsince ƙwayar gero daga tsakuwa. Wani ramin a samu ƴan ƙwayoyi, wani tururuwa ta riga mu. Gumi yana shiga ido, bayan wuya kamar an ɗora garwashi. Masu wucewa a kan jakuna suna tsayawa.

"Malam Abari, lafiya dai? Zinariya ta faɗi ne?"

"Ta faɗi," in ji Baba, bai ɗago ba.

Na ji kunya kamar in nutse, don akwai ƴan ajinmu cikin masu kallo. Aka fara cewa yunwa ta taɓa kan Malam Abari. Da muka kai ƙarshen tudu, abin da muka haɗa bai cika ƙoƙo ba. Baba ya rufe shi da hularsa, ya rungumo shi har gida, ya ce wannan karon sai ya ga ruwa yana gudu a ƙasa zai fito da shi.

Ruwa bai zo ba. Alhaji kuma ba ya ba da hatsi sai an yi aiki, ba a aiki sai an yi ruwa. Mai lambu ya rage ma'aikata don rijiya ta ja baya, rogon ma ya yanke. Hauwa ta kwanta. Inna ta goya ta zuwa likita, aka ba da ƴan ƙwayoyi aka ce a daina ba ta dilo, a ba ta kunu. Inna ta zaga dangi da maƙwabta, kowa irin halin da muke ciki yake ciki. Yarinyar ta kai ko kuka ba ta yi, sai ido.

Wata safiya Baba ya dawo daga masallaci bai biya gona ba. Ya tsuguna kusa da tabarmar Hauwa ya kira sunanta, ta motsa leɓe, murya ba ta fito ba. Ya daɗe a tsugune. Sai ya shiga ɗakinsa ya fito da ƙoƙon ya ajiye a gaban Inna.

"Daka."

"Malam, na Kaka ne fa. Shi ke nan ya rage."

"Na san ko mene ne. Daka."

Inna ta wanke toka da ƙura, ta zuba a turmi. Ta fara dakawa, na karɓa na ƙarasa. Baba ya fita ƙofar gida ya zauna ya ba mu baya. Aka dama kunu da ƴar tsamiya, Inna ta tallafo kan yarinyar tana ba ta da ludayi kaɗan-kaɗan. Ta haɗiye. Ta sake haɗiyewa. Inna ta riƙa tsimin garin nan, kullum ɗan kaɗan, har Hauwa ta iya tashi zaune ta ce a ƙara mata.

Garin yana ƙarewa ruwa ya sauko. Ruwa na gaske, da rana tsaka, har katangar maƙwabta ta zube. Baba da Yaya suka tafi gonar Alhaji suka shuka irin wani. Bayan ƴan kwanaki na bi su kai musu ruwan sha, muka biyo ta tudunmu a dawowa. Ga tsiro nan jefi-jefi, ɗaya nan ɗaya can, ƙwayoyin da suka kuɓuce wa rariyata, kore shar, a ƙasa mai laima har gwiwar hannu. Da mun bar shi a inda yake, da tudun nan duka ya tashi. Baba ya tsaya yana kallo. Tsiron bai kai a tsare shi ba, awakin gari suka kiwace shi. Muka shuka wani iri da Alhaji ya ba mu, dogo, mai jinkiri, muka samu abin da muka samu. Na Kaka ya ƙare a duniya.

A kan tudun nan Baba ya juyo ya dube mu, ni da Yaya, ya ce duk wanda ya gaya wa Hauwa abin da ta sha, bai yafe masa ba. Har ya koma ga Allah bai sake ambatar irin ba.

Hauwa yanzu tana Damagaram da ƴaƴanta, ta yi ƙiba har muna tsokanarta. Ɗazu ta kira ta gaida Inna da ƙafa, na sa wayar a sifika ina ta kai da kawowa a tsakar gida ina duban gabas. Suka yi hirar zafi, suka yi ta tsadar hatsi, can sai na ji ta ce:

"Inna, wai don Allah kunun nan da kika dama mini lokacin da na yi ciwo ina ƙarama, me kika sa a ciki? Na gwada geron kasuwa kala-kala, wallahi ko kusa. Ke ma kin ƙi ki sake yin irinsa."

Inna ta tsura mini ido har Hauwa ta ce alo, alo, ko reso ne.

"Ina jin ki," in ji Inna. "Gero ne kawai, ƴar nan. Yunwa ce ta sa kika ji daɗinsa."